Gwaggo Mai Jin Indiyanci

Ranar da aka kai Gwaggo makwancinta, matan da suka cika tsakar gidanmu a Gwadangaji sun kasa riƙe fuska ɗaya. Mace za ta yi sallama, ta durƙusa gaban Inna, mahaifiyata, ta ce, "Ya hanƙuri? Allah shi jiƙan ta," ta koma gefe tana share ido da bakin mayafi. Can sai ta dubi ƙofar ɗakin Gwaggo, wani abu ya faɗo mata a rai, dariya ta kuɓuce mata. Ta toshe baki, dariyar ta juye ta koma kuka.

Matar limamin unguwa ta gyara zama ta ce, "Baiwar Allah mai azumi, mai zumunci. Da dai ba kallon fim ɗin nan ba."

Maƙwabciyarmu ta bayan gida, wadda ba ta iya haɗiye magana ko a gidan mutuwa, ta ce, "Kallon da ke ma kike leƙowa ta taga?"

"Ni? Rariya nika zuwa ara."

"Rariya tun azahar hal la'asar?"

Aka yi ƙasa da kai ana danne murmushi. Ana cikin haka Madam ta shigo, Ibo ce, matar mai shagon da muke hayar kaset a da, kusa da tasha. Ta tsufa, ƙafa ta kumbura, amma tun daga zaure ake jin kukanta. Mata suka tashi suna cewa ta yi a hankali, ba a ɗaga murya a kan mamaci. Ta fizge hannunta ta ce da Hausarta ta Kabi, wadda ta fi tawa nauyi, "Ku ƙyale ni. Uwata ta tam mutu."

A waje, ƙarƙashin dogon yaro, Baba yana zaune a tabarma cikin maza. Shi ne ƙanen Gwaggo, autan ɗakinsu. Duk wanda ya yi addu'a sai ya ce amin, ba ya ƙara komai. Na leƙa shi sau da yawa a ranar. Bai yi kama da wanda yayarsa ta rasu cikin tsufa ba. Ya yi kama da wanda ya ci shari'a ya dawo gida ya tarar ba abin da zai yi da nasarar.

Ni na tashi ne da littattafan soyayya da muke haya a kasuwa, ina ɓoye su cikin hijabi, ina kuka a kan mutanen da ba a taɓa haifa ba. Na karanta mutuwa iri-iri a takarda, ta masoya da ta iyaye. Babu wadda ta shirya ni ga wannan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsoron da ya kama ni a tsakar gidan nan, cewa nan da 'yan shekaru abin da zai rage na Gwaggo shi ne dariyar, a ce, "Tsohuwar nan mai fassara Indiya." Dariyar tata ce, ba na musu. Amma akwai abin da ke ƙarƙashinta.

Gwaggo a Argungu ta yi aure, gidan masunta. Ba ta daɗe a ɗakin ba, ba ta kuma haihu ba. Wata damina da gulbi ya cika ya haura fadama, maigidanta ya fita da safe duba ƙugiyoyinsa. Da yamma aka ga kwalekwalensa a kife, aka ga gorarsa tana yawo cikin ciyawa. Shi ba a gan shi ba. Masu nutso sun shiga, an bi ruwa har garuruwan ƙasa, ba gawa, ba riga. Bayan shekarun da shari'a ta gindaya, alƙali ya ce a ɗauka ya rasu, ta shiga takaba, in ta fita ta yi aure. Gwaggo ta ce ba ta shiga. Aka yi rarrashi, aka yi faɗa, manema suka zo suka gaji. Da Baba ya sami aikin gwamnati a Birnin Kabi, ya je ya ɗauko ta, ya ba ta ɗakin da ke kusa da rijiya. A nan na buɗe ido na gan ta.

Tsakaninta da Baba magana ɗaya ce, kuma ita suka yi ta ja tsawon rayuwata. Baba yana so, kafin ita ma ta bar duniya, ta buɗe baki ta ce Allah ya jiƙan mutumin nan, a yi masa sadaka kamar kowane mamaci. Ita kuwa ba ta yarda a lissafa shi cikin matattu ba. Duk watan azumi Baba yakan sa a yi waina a kai masallaci, a ambaci iyaye da kakanni ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya fita sai ta tsaya a bakin ƙofarta.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Kak ka sa mani maigida cikin lissahin nan."

"Yaya, ki ji tsoron Allah. Mutum shina can shina jiran addu'a."

"Ka ga gawa?"

"Gulbi ba ya maido kowa."

"Na ce ka ga gawa? In ka gani, kawo mani in sa a yi mai wanka. In ba ka gani ba, ɗauki wainarka ka tahi."

Baba zai girgiza kai ya fita. Saboda wannan hani, ni ban taɓa jin an kira sunan mutumin a gidanmu ba. Mijin Gwaggo muke cewa. Ita kuma, irin matan da, ko da wasa ba ta kama sunan miji. Maigida take cewa, kamar ya je kasuwa ne.

Ina 'yar firamare Baba ya sayo talabijin da bidiyo. Wuta takan zo mana bayan azahar, lokacin Baba yana ofis. Da an kawo ta sai ka ji takalma a zaure. Mata su shigo da tiren shinkafar da suke tsinta, wata da albasar da za ta yanka, wata da goyo. Gwaggo ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta ajiye a gefen talabijin, rabin fuskarta ga hoton, rabi gare mu, goro a kunci. Fim ɗin dambe zalla ba ya burge ta, na kotu kuwa barci yake sa ta. Nata shi ne mai aljanu da sarakuna: saurayi ya hau doki mai fiffike, ya ƙetare tekun wuta don ya samo maganin gimbiya, boka ya mai da budurwa tsuntsuwa, a yi waƙa a kan dutse, a yi kuka, a sake waƙa.

A lokacin babu fassarar Hausa. Gwaggo ce fassararmu. Ta ce maigida ne ya koya mata Indiyanci, mu kuwa mun yarda har zuci. Yau na sani ko kalma ɗaya ba ta ji. Amma ku zo ku ga aiki.

Sarki zai fito da rawanin zinariya yana daka wa waziri tsawa. Mata su haɗa baki, "Gwaggo, mi yac ce?"

"Ya ce wane ɗan banza yab bar awaki sunka shiga albasatai?"

Saurayi ya riƙe haɓar budurwa yana rera waƙa.

"Mi yac ce?"

"Shina ce mata idonta kamar na ƙarfasa sabuwar kamu."

"Haba, Gwaggo! Kihi?"

"To ke kin taɓa ganin idon da yaf fi shi haske? Ku da mazanku ba su ce muku komi sai ina tuwo."

Ɗaki ya kaure da shewa. A bakinta sarakunan Indiya suna cin kasuwar Argungu, gimbiyoyi suna dama fura, aljanu suna rantsuwa da kabarin kakansu. Amma da an zo wurin rabuwa, sai ta cire goron ta riƙe a hannu. Muryarta ta sauka. Ba wasa kuma. Ta faɗi abin da masoyi ke cewa a hankali, jimla-jimla, har mai yankan albasa ta sami abin fakewa.

Na daɗe ina tunanin abin da ke jawo matan nan, su bar wanki a jiƙe su zo su zauna gaban mutanen da ba su jin yarensu. A littattafaina, masoya da iyaye suke fama, ko da talauci, ko da wani mai kuɗi da ya shigo tsakani. Duk abubuwa ne da ake iya zama a sasanta. Amma a finafinan Gwaggo, soyayya da abin da ba a kai wa ƙara take kokawa. A can, ƙarƙashin ruwa akwai ƙofa, bayan ƙofar akwai sarauniya, kuma ana iya durƙusa mata a roƙe ta. Wanda ya ɓace yana wani wuri ne, wurin yana da hanya, mai ƙauna in ya jure zai je ya dawo da shi. A ɗakin nan akwai wadda mijinta ya tafi ci-rani bai ko aiko ba. Akwai wadda ta binne 'ya'ya. Tsakanin azahar da la'asar, suna zaune a duniyar da abin da aka rasa ke da adireshi. Da an kira salla su tashi su ɗauki tirensu.

Sai da na girma na gane yadda take aikin. Ba hoton kaɗai take kallo ba, mu take karantawa. Ta duba wadda ta shigo da kumburarren ido, ta sa wa 'yan fim maganar da wannan ke bukata. Haka ta yi wa Madam. Ɗanta namiji ya yi zazzaɓi ya rasu, aka binne shi nan Birnin Kabi, danginta na kudu suna ta aiko mata da zargi cewa ta bar yaro a ƙasar baƙi. Ta daina magana, tana zaune a shago kamar an dasa ta. Gwaggo ta yafa mayafi ta je da kanta, ta kamo ta a wuyan hannu har falonmu. A fim ɗin ranar akwai wata tsohuwa da ta daɗe tana magana ita kaɗai gaban fitila. Ba wanda ya tambaya, Gwaggo ta fara, idonta a kan Madam.

"Cewa take, ɗana, inda anka kwantar da kai ba baƙo kake ba. Matan garin sun san ka, sun ɗauke ka, sun ba ka ƙosai. Ni kuma ina nan kusa, ba ni tashi in bar ka."

Madam ta kifa kai a cinyar Gwaggo ta yi kukan da ta riƙe tun ranar jana'iza. Bayan shekaru ta gaya mini cewa kaset ɗin yana da rubutun Turanci a ƙasa, kuma tana karantawa. Tsohuwar ƙorafin harajin sarki take yi. Ta ce, "Na ga rubutun sarai. Na zaɓi na Gwaggo."

Akwai fim ɗaya da ya fi kowane a wurinta, har Madam ta bar mata kaset ɗin kyauta. Wani matuƙin jirgin ruwa ne guguwa ta kifar da shi, aka nuna shi a wani gidan gilashi a ƙarƙashin kogi, gaban wata mace mai kambi. Matarsa tana zuwa bakin ruwa kullum, damina da rani, har gashinta ya fara fari. A ƙarshe ruwan ya dare, ya fito cikin fararen kaya, haske na bin sa, ya miƙo mata hannu yana magana. A nan Gwaggo takan miƙe tsaye.

"Ya ce, na dawo. Sarauniyar ruwa ta riƙe ni, na yi mata bauta hat tag gaji tas sake ni. Kin aje mani tuwo?"

Mata su rangaɗa guɗa. Ni kuwa in kwanta ina mafarkin wanda zai yi bauta a ƙarƙashin ruwa saboda ni.

Wata rana tana yi mini kitso na tambaye ta yadda maigida ya koyi Indiyanci. Ta ce yakan kai bandar kifi Sakkwato, in ya sayar sai ya shiga sinima. In ya dawo ya rufe ƙofa, ya yi mata fim ɗin tun daga farko. Shi ne sarki, shi ne doki, ya ɗaura kallabinta ya zama gimbiya, har ya yi waƙar da siririyar murya. Ta ce, "Ina dariya hac cikina shi yi ciwo, uwar miji tana buga ƙofa tana tambaya ko lahiya." Ta ja mini gashi da ƙarfi, ta ce in daina motsi. Na ji ɗigon wani abu a wuyana, ban juya ba.

Kowace shekara in ruwa ya janye, takan je Argungu, kuma da na yi wayo ni nake raka ta. Mu sauka gidan ƙanen mijinta, mu gaisa, sannan ta gangara bakin gulbi inda masunta ke gyaran koma, ragarsu ta kamun kifi. Ta ce, "Sannunku da aiki. Ba labarin maigida?" Tsofaffin cikinsu su ajiye abin da ke hannunsu su ce, "Ba labari tukuna, Inna." Kullum da tukuna ɗin. Sun san gaskiya, sun yi nutso neman sa da ƙuruciyarsu, amma ba wanda ya taɓa yanke mata kalmar. Ta ce, "To, madalla," ta sayi kifi, mu hau mota.

Abin ya fara rushewa ne lokacin da fassarar Hausa ta shigo. Yayana ya dawo hutu daga makaranta da faifai da na'urar kunna shi, ya ce ya samo fim ɗin Gwaggo, Indiyawan da kansu suna Hausa. Ba da mugunta ya yi ba, murna yake. Ranar Asabar ce, Baba yana gida. Mata suka taru kamar da. Tun farko aka fara kallon juna, don sarki bai ambaci awaki ba. Gwaggo tana kan kujerarta tana tauna goro. Aka zo ƙarshe, ruwa ya dare, mutumin ya fito cikin fararen kaya. Muryar mai fassara, wani Bakano, ta ce: na mutu tun ranar da jirgi ya kife, abin da kike gani kurwata ce, ki daina jira, ki sake ni in huta.

Ba wanda ya yi guɗa. Tiren wata ya zame, shinkafa ta watse a ƙasa.

Gwaggo ta tofar da goro a hannu ta ce, "Wanga Bakano bai jin Indiyanci."

Wasu suka yi dariya don su sami abin yi. Da a nan aka tsaya, da ta wuce. Amma Baba yana tsaye a bakin ƙofa, kuma ya ga dama ta samu.

"Yaya, kin ji da kunnenki. Ko Indiyawan sun ce a sake shi."

"Da kai da Indiyawan, wa yag ga gawa?"

"Shekara nawa za ki yi kina tara mata kina shirga musu abin da babu? Ke kanki kike ruɗi."

"Auta, ni nig goye ka. Na wanke maka kashi. Yau ni kake ce ma maƙaryaciya gaban ɗiyanka?"

"Ban ce ba."

"Ka ce."

Ta ɗauki kujerarta ta shiga ɗaki. Sun yi wata ba ta amsa gaisuwarsa sai da kai. Ya riƙa aiko mata goro fari, tana rabar wa yara. Daga baya sun shirya, amma falon bai sake cika ba. Kowa ta sami waya, kowa tana kallon fassararta a ɗakinta, a kan gado, ita kaɗai. Bidiyon ya lalace ba a gyara ba. Ni ma aka yi mini aure na koma unguwar Gesse, sai ranar Juma'a nake hawa keke mai ƙafa uku in zo. Yanar tsufa ta rufe idon Gwaggo a hankali. In na zo na same ta a bakin ƙofa tana fuskantar rijiya, ta ce, "Mai littafi, an zo? Wa anka raba yau, wa anka haɗa?" In ba ta labarin da nake karantawa, ta gyara wa marubucin ƙarshensa.

Bara ƙanen mijinta ya rasu, muka je Argungu gaisuwa. Da muka fito ta ce in kai ta bakin gulbi. Na riƙe hannunta muka gangara. Akwai masunta, amma babu furfura ko ɗaya a cikinsu. Ta yi sallama ta ce, "Ba labarin maigida?"

Suka dubi juna. Wani magidanci mai kirki ya taso ya rusuna ya ce, "Inna, wane maigida? Yaushe yaf fita? Mi sunanai, mu tambaya?"

Gwaggo ta buɗe baki ta rufe. Sunan yana kan harshenta, shekara arba'in da wani abu tana ɗauke da shi, amma ba ta taɓa furta shi ba ko a ɗakin aurenta, ba kuma za ta fara a gaban maza a bakin ruwa ba. Ta juyo gare ni da idanun da ba su gani, ta ce, "Ɗiyata, gaya musu."

Ban sani ba. Ba a taɓa faɗa a gabana ba.

Mutumin ya jira, ya ga ba amsa, ya ce Allah ya bayyana, ya koma kan komarsa. Ranar ba ta sayi kifi ba. A mota, da muka shigo Birnin Kabi muka kusa gida, ta ce, kamar da kanta take, "Ashe ba wanda ka kiran shi. Ba cikin masu rai, ba cikin matattu."

Juma'ar da ta biyo, bayan azahar, ta ce in nemo mata fim ɗin a wayata. Ta ce in kashe muryar, in riƙa gaya mata abin da ake yi. Na zauna a gefen katifarta ina faɗa: ga guguwa, ga jirgi ya kife, ga matar a bakin ruwa. Da aka zo ƙarshe ta ce, "Ya hito?"

"Ya fito, Gwaggo."

"Mi yac ce?"

Na ce, "Ya ce ya dawo. Ya ce kin ajiye masa tuwo?"

Ta yi ɗan murmushi ta lalubo kaina ta shafa. "Kin iya. Amma ba shi nika so ba. Gaya mani abin da Bakanon nan yac ce."

Na gaya mata. Ta ce in kira Baba. Ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Auta, faɗi sunan maigida. Da ƙarfi, yarinyag ga ta ji."

Baba ya faɗa. Muryarsa ta karye a tsakiya.

"Ƙara."

Ya ƙara.

Ta ce, "To. Allah shi jiƙan shi. Gobe a yi waina."

Washegari ta cire 'yan kunnenta, ta ba Inna kwalbar turarenta, ta ce ta shiga takaba. Liman ya zo da kansa ya yi mata bayani cewa wannan ta wuce tun da daɗewa, babu komai a kanta. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Malam, na gode. Ni jiya anka zo mani da labarin." Mata suka riƙa shigowa suna yi mata ta'aziyyar mutumin da yawancinsu ba a haife su ba lokacin da ya shiga ruwa. Duk wadda ta zo, sai ta sa Inna ta faɗa mata sunan, ta ce ta sa shi a addu'a.

Baba ya sami abin da ya roƙa shekara da shekaru. Kwana kaɗan ya yi yana murna. Gwaggo ta daina cin goro. Ta daina tsokanar Inna a kan gishirin miya. In na zo ba ta tambaya wa aka raba, wa aka haɗa. Ba ciwo take ba, likita ya duba bai ga komai ba sai tsufa. Tana dai raguwa ne, kamar fadama bayan ruwa ya janye. Na ga Baba yana tsayawa a bakin rijiya yana kallon ƙofarta, ya ɗaga ƙafa kamar zai shiga, ya fasa.

Wata Asabar na zo na tarar da abin da ban zata ba. Baba ya je wurin Madam, sun tono wani tsohon bidiyo a bayan shago, ya kai an gyara. Ya nemo kaset ɗin a akwatin Gwaggo. Ya aika an kira maƙwabtan da suka rage, har matar liman, ba tare da zancen rariya ba. Aka kamo Gwaggo aka zaunar da ita a kujerarta, gefen talabijin. Baba, wanda bai taɓa zama kallon nan ba ko sau ɗaya, ya naɗe babbar riga ya zauna a ƙasa cikin mata, kusa da ƙafafunta. Hoton yana rawa, muryoyin Indiyawa suka cika falon kamar da.

Sarki ya fito yana tsawa. Aka jira. Fassara ba ta zo ba.

Baba ya yi gyaran murya. Ya dubi ƙasa, ya ce a hankali, irin muryar da yaro ke roƙo da ita, "Yaya, mi yac ce?"

Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. Ta miƙa hannu ta lalubo hularsa ta gyara masa zamanta.

"Auta," ta ce, "ba ni jin Indiyanci."

Ba wanda ya tashi ya kashe. Fim ɗin ya yi ta tafiya har ƙarshe, muna zaune, ba mai fahimtar ko kalma.

Ba ta kai ƙarshen takabar ba. Ta rasu da hantsi ranar wata Talata, Inna na riƙe da hannunta, bayan ta sha kunu ta yi kalmar shahada.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo. Ka yafe mata abin da ta ƙara a bakin Indiyawa, ka duba zukatan da ta ɗinke da shi. Ka haskaka kabarinta, ka sanyaya zuciyar ƙanenta. Wanda ya karanta wannan, ina roƙon Fatiha biyu, ɗaya tata, ɗaya ta mutumin da ya fita duba ƙugiya. Yanzu na san sunansa, amma ita ta rene ni, bakina ba zai iya ba. Ku ce mijin Gwaggo. Wanda kuke roƙo ya san inda yake.